Filin Kwalliya: Hodar Da Ta Dace Da Mai Farar Fata Sol

*Tambayoyinku, amsar Antin kwalliya daga Tudun Wadan Zariya*

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni zabiya ce, shekarata 22, ina karatu a harabar jami'ar ABU da ke Kongo. Duk hodar da na saya sai ta mayar da fuskata ruwan lemo, wuyana kuma yana nan fari, har ƙawayena su ce in je in wanke. Mai shagon da nake zuwa ya rantse wadda ya ba ni ita ce mafi haske a wurinsa. Bikin yayata ya matso, ba na son in fito a hoto fuska daban wuya daban. Wace iri zan nema, a ina zan samu, kuma yaya ake shafa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai shagon nan bai yi miki ƙarya ba. Ita ce mafi haske a shagonsa, amma ba ita ce mafi haske da kamfani ke yi ba. Ɗan kasuwa abin da zai fita yake sarowa, masu sayen hoda kuwa a Zazzau daga baƙa sai wankan tarwaɗa sai fara irin ta Fulani, wadda in ta tsaya kusa da ke za a ga ashe da sauranta. Shi ya sa katan ɗin da ke sauka a Kasuwar Sabon Gari daga tsakiyar launi yake farawa ya gangara zuwa duhu. Naki launin yana can sama, inda ba a cika sarowa ba.

Ga dalilin ruwan lemon da kike gani. Launin hoda daga garin tsatsar ƙarfe ake haɗa shi, mai rawaya da ja da baƙi, a cikin farin gari na sinadarin taitaniyom. Wadda aka yi don fata mai duhu ja da rawayanta suna da yawa. A fuskata ba za su nuna ba, domin melanin ɗin da ke fatata, wato sinadarin da ke ba fata duhu, ya fi ƙarfinsu. Ke kuwa babu abin da zai danne su, duk abin da aka zuba a hodar sai ya fito fili. Ga kuma maiƙon fuska da zufa, waɗanda in suka haɗu da hodar sai ta ƙara duhu bayan ɗan lokaci. Shi ya sa za ki fita daga ɗaki kina ganin da dama-dama, kafin ki isa aji ta rine.

Abin da za ki duba a gindin gwangwanin shi ne suna da lamba. Masu haske sosai ana rubuta musu Porcelain, Fair, Ivory ko Alabaster. A Maybelline Fit Me lambobin ɗari da ɗoriya ne naki, irin su 110, alhali mu nan 330 da 355 muka fi sani. A Mary Kay rukunin Ivory za ki tambaya, ki bar Beige da Bronze. MAC suna da Studio Fix, hoda ce mai rufewa kamar fandeshan, wato man kwalliyar da ake fara shafe fuska da shi, naki kuma yana wajen 10 zuwa 15, da haruffan NC ko NW a gaban lambar. Fenty Beauty da suka fito a 2017 da launi 40 sun yi suna ne a kan duhun launukansu, amma sun kai ƙarshen haske ma, har wasu zabiyoyi a Amurka suka riƙa saka hotunansu a intanet suna murnar samun daidai da su. Sai dai tsadarta ba ta ɗaliba ba ce, gaskiya. Kayan Koriya kuma da suka fara yawa a hannun masu sayarwa a Instagram lissafinsu daban ne: 13 ita ce fara sol, 21 mai haske, 23 ta fi su duhu.

Haske ɗaya ne, ruwan fata kuma wani abu ne daban, kuma a nan aka fi faɗuwa. Farare biyu za su zo haskensu ɗaya, amma ta farko fatarta na ɗaukar ja-ja, ta biyu na ɗaukar rawaya. Yawancin zabiyoyin da suka zauna a kujerata fatarsu ta fi karkata ga ruwan madara mai ɗan rawaya, musamman masu gashi ruwan zinare. Jan da ke kumatunsu da goshinsu ƙunar rana ce, ba asalin launinsu ba. In mai shago ya kalli kumatun ya miƙo miki mai ja-ja, ya ƙara wa jan ƙarfi ke nan. A MAC, NC ce ta masu rawaya, NW ta masu ja-ja. Kar ki auna da bayan hannu, domin hannu ya fi ko'ina shan rana. Ki ɗaga hijabi ki dubi wuyanki da saman ƙirjinki, can ne launinki na gaskiya yake.

Gwajin kuwa a kan muƙamuƙi ake yi. Ki ja layi uku da launi uku, kowanne daga gefen kunci zuwa wuya. Ki fito daga shagon, domin ƙwan lantarkin da suke kunnawa yana gyara kowace hoda. Ki tsaya a inuwa a bakin ƙofa da madubinki, ki ba ta kamar minti goma sha biyar ta gama sauyawa. Wadda kika neme ta kika rasa a fuskarki, ita ce taki. Ki tafi da ƙawar da ba ta jin nauyin faɗa miki gaskiya, tun da na san zabiyanci na zuwa da raunin gani, kuma bambancin launi biyu maƙwabta ko mai cikakken gani sai ya lura da kyau. In mai shago ya ce ba a buɗewa sai an biya, ki yi masa sallama.

Maganar inda za ki samu. Ki fara zagaya manyan shagunan kayan kwalliya a Sabon Gari da PZ da Samaru, ki ba su lambar a rubuce, ki ce in za su yi sari a Kano ko Legas su haɗo miki. Da yawa za su yarda in kin bar kafin alƙalami. In akwai mai tafiya Umara ko Dubai ko Masar a danginku, to kin huta, domin can launukan haske su ne a gaban kanta, namu ne ake nema a sha wuya. In ta intanet za ki saya, ki nemi a ɗauko miki hoton gindin gwangwanin da lambarsa, kuma ki ji tsoron araha. Jabun waɗannan manyan sunaye sun cika gari, fatarki kuma ba ta ɗaukar ganganci.

Akwai wata hanyar da 'yan sana'a suka sani. Mata masu duhun fata suna sayen konsila, wato man rufe tabo, mai haske don su haska ƙasan idonsu, saboda haka konsila mai haske ta fi hoda mai haske sauƙin samu a garin nan. L.A. Girl suna da Porcelain da Light Ivory a cikin 'yan bututun nan nasu. Abin da wata ke haska ido da shi, ke launin fuskarki ne. Ki ɗiga kaɗan inda ja ya yi yawa, gefen hanci da kumatu da haɓa, ki daddanna da soso mai ɗan danshi, sannan ki bi da hodar gari marar launi, wadda ake rubuta wa Translucent. Wallahi wannan kaɗai ya ishi zuwa aji. Amma ki nisanci hodar banana da kowace mai kwalliya ke ji da ita yanzu. An yi ta ne don fata mai duhu. A taki rawaya zalla za ta fito, har a fara tambayarki ko shawara ke damunki.

Kafin hoda ta taɓa fuskarki, man kariya daga rana ne farko, kuma a kan wannan ba na sassauci. Melanin shi ne garkuwar fata, wanda ba shi da ita rana na ƙona shi kai-tsaye, kuma sankarar fata ita ce babbar barazana ga zabiya a ƙasashenmu. Ki nemi mai SPF 50, wato lambar ƙarfin kariyarsa. Ki matsa shi a tsawon yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, wannan ne adadin fuska da wuya. Kar ki manta kunne da bayan wuya ranar da za ki yi ɗauri babu hijabi. Ki bari ya zauna minti goma sha biyar kafin ki sa komai a kai. Wani abin daɗi a nan, man kariya mai zink da taitaniyom da mu baƙaƙe ke gudu saboda yana bar mana toka-toka a fuska, ke ba zai nuna miki ba, kuma shi ya fi sauƙi ga fata mai saurin ƙaiƙayi. Idan kin ga an rubuta SPF a jikin hoda kada ki dogara da shi, babu mai shafa hoda da yawan da zai kai wannan lambar. In kina waje ana sabunta man duk bayan awa biyu, kuma bayan kowace alwala. Hazon hunturu ma ba ya tare duka abin da ke ƙona fata, balle ranar Maris da Afrilu. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma ki riƙe lemarki da tabarau, ko tsakanin aji da masauki ne.

Sai shafawa. Soson da ke zuwa cikin gwangwani yana ɗebo hoda da yawa, ki ajiye shi don gyaran hanci a wurin biki. Ki sayi buroshi mai laushi da kauri. Ki juya shi a kan hodar, ki karkaɗe a gefen gwangwani har sai kin ga kamar babu komai a jikinsa, ki fara daga tsakiyar fuska ki yi waje. Dannawa ake yi a hankali, ba gogawa ba, domin goga yana kwashe man da ke ƙasa, yana kuma tayar da ja. Shafi ɗaya, ki ja da baya ki duba, in da inda bai rufu ba ki ƙara a nan kawai. Kwalliya ba yaɓen katanga ba ce, kuma a farar fata kauri ya fi saurin tona asiri. Madubi mai ƙara girma da zama kusa da taga za su taimaka miki ƙwarai.

Da kin daidaita launi za ki ga fuskar ta yi fayau, to sai a mayar mata da jini. Jan kumatu mai sanyin launi, ɗan kaɗan. Gira kuma don Allah ban da baƙar jagira. Mai ruwan ƙasa marar duhu za ki nema, ki ja ta gajere-gajere yadda gashi ke kwanciya. Na sha ganin masu kwalliya sun zana wa zabiya baƙar gira mai kauri, sun shafe ta da hoda mai duhu wai don ta saje da sauran ƙawayen amarya. Wannan ba gwaninta ba ce. In za ki je a yi miki ranar bikin, ki tafi da hodarki a jaka, ki ce da ita za a yi.

Abu guda da hoda ba ta da hurumi a kansa: in kin ga wani wuri mai kaushi da ke ɓarewa yana dawowa, ko ƙurjin da ya ƙi warkewa har makonni, a fuska ko leɓe ko kunne, kada ki rufe shi ki yi shiru. Ki je asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ki nemi ganin likitan fata. Abin da aka tara da wuri sauƙin magani gare shi. Allah Ya kai mu bikin lafiya.

Tambaya: Ni uwa ce daga Tudun Jukun. 'Yata fara ce tas, ta ɗauko kakarta ta wajen uba. Ranar sa rana an yi mata kwalliya ta yi kyau a ido, amma da hotuna suka fito ƙasan idonta da goshinta sun yi fari fat. Ga biki saura wata guda, za a fara gyaran jiki. Me za mu gaya wa mai kwalliyar?

Amsa: Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya ba su zaman lafiya. Abin da kika gani aikin fitilar kyamara ne. Akwai farar hodar gari mai sinadarin silika da ake zubawa a ƙasan ido a bar ta ta jima kafin a kaɗe. Ido ba ya ganinta, amma da fitila ta haska sai ta mayar da hasken. Wannan salon na haska ƙasan ido da goshi da karan hanci an tsara shi ne don fuska mai duhu, inda akwai abin da za a haska. Mai farar fata in aka ƙara mata haske a kan haskenta, fuskar ce ke ɓacewa gaba ɗaya. Ita akasin haka take bukata: hoda daidai launinta a ko'ina, sai ɗan abin da ya fi ta duhu da mataki ɗaya ko biyu a gefen goshi da ƙasan kunci, don fuskar ta fito da siffarta.

Ki ce wa mai kwalliyar kuna son gwaji kafin ranar. In an gama a shiga ɗaki a rufe labule, a ɗauki hoto da fitilar waya. Duk abin da zai fito a hoton ɗakin taro zai fito a nan. Mai sana'ar da ta san kanta ba za ta ƙi ba, iyaka ta ce a biya kuɗin kayan da ta ɓata.

Sai ki lura da lokacin gwajin. Dilka da kurkum suna sauya fata, kurkum ma rini ne sosai, a jikin fara yana barin rawayan da kan ɗauki kwanaki bai fita ba. Hodar da ta dace da ita yau ba lallai ta dace ba bayan mako biyu tana cikin gyara. A yi gwaji bayan an kammala, kuma a tsayar da kurkum a fuska saura kwana uku ko huɗu. Halawa ma kada a yi ta a fuska ana gobe biki, domin farar fata in ta yi ja ba ta saurin hucewa, hoda kuma ba ta zama da kyau a inda aka tuge gashi jiya.

Tun da an zo maganar amare, ga wata da iyaye ke yawan yi mini: sallah. Fandeshan mai hana ruwa shiga yana yin fata a kan fata, alwala kuwa sai ruwa ya taɓa fuska. Hoda ba ta da wannan matsalar, ruwa na wanke ta, gyaranta kuma minti biyu ne. Amaryar da za a yi wa mai nauyi, mukan tsara ta yi alwala ta yi sallarta kafin ta zauna, sauran hukuncin kuma na malamai ne.

Tambaya: Anti, ki sakaya sunana. Na yi shekaru ina shafa haɗin mai. Yanzu fuskata ta fi wuyana haske nesa ba kusa ba, jijiyoyi sun fito kore-kore a kumatuna, gefen idona kuma ya yi duhu. Duk hodar da na sa ba ta zama. Ta masu haske zan saya ko ta asalin launina? Daga Samaru.

Amsa: 'Yar'uwa, ba zan yi miki faɗa ba, na san kin sha shi a gida. Amma ba zan ce miki hoda za ta gyara wannan ba. Jijiyoyin da kike gani alama ce fatar ta yi siriri, kuma yawanci aikin magungunan sitiroyid ne da ake zubawa a haɗin, irin wanda za ki ga an rubuta clobetasol a kwalinsa. Maganin ciwon fata ne da likita ke bayarwa na ɗan lokaci, ba man shafawar kullum ba. Duhun gefen ido da saman kunci kuwa an san shi ga waɗanda suka daɗe suna shafa haidirokwinon: ya fara da haskawa, ya ƙare da baƙin da ya fi na farko wuyar fita. Wasu haɗin ma har da makuri a ciki, mai lahanta ƙoda. Ba a banza hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Kada ki yanke shafawar dare ɗaya da kanki. Fatar da ta saba da sitiroyid in aka janye mata farat ɗaya takan yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, daga nan ne mata da yawa ke komawa ruwa. Ki ɗauki robar man ki kai wa likitan fata, shi zai tsara miki yadda za ki sauka a hankali. Man kariya daga rana da na yi wa ƙanwarmu ta Kongo bayani ya zama dole a kanki ke ma.

A halin da ake ciki, kada ki bi hasken fuskar. Ki zaɓi launin da ke tsakanin fuska da wuya, ya fi kusa da wuyan, ki gangaro da shi ƙasan haɓa don kada a ga iyaka. Inda ya yi duhu ki fara ɗiga abin gyaran launi mai ruwan lemo marar kauri, shi ke kashe toka-tokar da ke fitowa in an ɗora hoda mai haske a kan baƙi. Ki sayi ƙaramin gwangwani, domin in kin fara magani launinki zai riƙa komawa gida, wadda ta yi miki a wannan watan ba za ta yi miki bayan wata uku ba.

Tambaya: Da hunturu hoda na tsattsagewa a fuskata, ni kuma fara ce, komai ana gani. Kakata ta ce in riƙa shafa hodar jarirai kawai tunda ita fara ce. Haka ne? Daga Gyallesu.

Amsa: A gaida Kaka, amma a'a. Hodar jarirai ba ta rufe komai, fari kawai take barbaɗawa, kuma aikinta shan danshi ne, wanda shi ne abin da fatarki ta rasa daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsagewar daga ƙasa take, busasshiyar fata ce ke ɗagowa hodar ta maƙale mata. Ki rage wanke fuska da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙarfi. Da dare ki murza man kaɗanya kaɗan a tafin hannu ya narke, ki danna a fuska tun tana da danshi, in dai ba mai yawan ƙuraje ba ce ke. Da safe mai marar nauyi, ki jira ya shige, sannan hoda a goshi da hanci da haɓa kawai, ki bar kumatu. Basilin kuwa kada ki sa shi ƙarƙashin hoda, cuccurewa za ta yi, ƙurar hanya kuma ta manne a kai.